Lissafi ɗaya, na'urori uku, amsoshi mabambanta: yadda ake rubuta lissafin cikakkun lambobi da zai yi aiki ko'ina

Tambayar ta zo daga wani matashi mai koyon rubuta manhaja a nan Damagaram. Ya rubuta shiri da harshen C domin wata rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, shirin yana ƙirga ruwan da famfo ya fitar, ya lissafa kuɗinsa a kan sefa 25 kowace jarka mai lita 20, sannan ya adana jimilla a fayil. A kwamfutarsa mai Windows komai ya tafi daidai. Da ya ɗora shirin a allon Arduino Uno, wata ƙaramar kwamfuta mai sarrafa na'urori, sai kuɗin lita 2,000 ya fito -776 maimakon 2,500, kuma da ya kai fayil ɗin wata kwamfuta mai Linux, sai ta karanto lambobin da ba su da kai balle gindi. Yana so ya san inda matsalar take, da yadda zai rubuta lissafin sau ɗaya ya yi aiki a duk na'urorin.

Ɗan'uwa, babu wadda ta yi kuskure a cikin na'urorin nan uku, kuma kamfailar da ta juya rubutunka zuwa harshen inji ba ta ha'ince ka ba. Ka dogara ne da abin da kwamfutarka ta saba yi, alhali ƙa'idar harshen C ba ta taɓa yi maka alkawarinsa ba. Tun daga ƙa'idar farko da aka tsayar a Amurka a 1989, abin da aka ƙayyade wa nau'o'in cikakkun lambobi shi ne mafi ƙarancin faɗinsu kawai: `char` ba zai gaza bit 8 ba (bit shi ne gurbi ɗaya mai ɗaukar 0 ko 1), `short` da `int` ba za su gaza bit 16 ba, `long` ba zai gaza bit 32 ba, sannan ƙa'idar 1999 ta ƙara `long long` wanda ba zai gaza bit 64 ba. Abin da ya wuce wannan an bar wa masu ƙera na'ura da masu rubuta kamfaila. Saboda haka `int` kamar tiya yake: sunan ɗaya ne a kowace kasuwa, amma wanda ya auni hatsi da tiyar wani gari ya je sayarwa da ta wani garin ya san ba lalle cikinsu ya zo ɗaya ba.

Masarrafin da ke kan Arduino Uno ɗinka, wato ATmega328P, mai bit 8 ne, kuma `int` ɗinsa bit 16 ne, mafi girman lambar da zai ɗauka ita ce 32,767. A kwamfutarka kuwa `int` bit 32 ne, yana kaiwa 2,147,483,647. Idan ka rubuta `lita * 25 / 20`, na'urar tana fara ninka 2,000 sau 25, ta sami 50,000, wanda ya fi ƙarfin bit 16, sai lambar ta tumbatsa ta zagayo ta koma -15,536, aka raba da 20 aka sami -776 ɗin da ka gani. Da ka bi a hankali za ka tarar lissafin yana tafiya lafiya har lita 1,310, daga 1,311 ne yake lalacewa, shi ya sa ƙananan gwaje-gwajenka ba su tona shi ba. Ga kuma wurin da mutane da yawa suke tuntuɓe: sai su mai da mazubin amsar `long`, su rubuta `long kudi = lita * 25 / 20`, su ɗauka an gama. Ba a gama ba, domin harshen C ba ya duba mazubin da za a zuba amsa kafin ya yi lissafi. Nau'in lambobin da ke cikin ninkawar shi ne yake yanke faɗin da za a yi ta, don haka ɓarnar ta riga ta faru kafin amsar ta isa babban mazubin. Gyaran shi ne a faɗaɗa ɗaya daga cikin lambobin tun kafin a ninka, kamar `(int32_t)lita * 25 / 20`. Haka ma lambobin da ka rubuta da hannunka: `60 * 1000` a kan wannan allon tumbatsa ce, ko da kuwa `unsigned long` za ka zuba ta, sai ka rubuta `60UL * 1000` ko ka yi amfani da `UINT32_C(60)`.

Tsakanin Windows da Linux ma akwai rami, kuma shi ya fi ɓoyuwa domin duka biyun suna iya zama a kan inji iri ɗaya mai bit 64. A Linux da macOS masu bit 64, `long` bit 64 ne, tsarin da ake kira LP64. A Windows mai bit 64 kuwa `long` ya tsaya a bit 32, tsarin LLP64. Da a ce kana tara jimillar ruwa da mililita a cikin `long`, kuma rijiyar tana fitar da lita 20,000 a rana, to a Windows mazubin zai cika bayan kwana 107 ko kusa da haka, a Linux kuwa ba za ka ga cikarsa ba a rayuwarka. Bambancin yana shiga har cikin kwatanta lambobi. Tambayar ko `-1L` (wato -1 na `long`) ya gaza `1U` (wato 1 na `unsigned int`) amsarta e ce a Linux mai bit 64, a Windows kuwa a'a, domin a can `long` bai fi `unsigned int` faɗi ba, sai a juya duka biyun zuwa nau'i marar alama, wato wanda ba ya ɗaukar lambar da ke ƙasa da sifili, -1 ya koma 4,294,967,295. Shawarata a nan gajera ce: kada ka haɗa lamba mai alama da marar alama a kwatance ɗaya, kuma ka daina amfani da `long` ga duk abin da girmansa ya dame ka.

Abin da zai maye gurbinsa yana cikin `stdint.h`, wanda ya zo da ƙa'idar 1999, ko da yake kamfailar Microsoft ba ta kawo shi ba sai a Visual Studio 2010, dalilin da ya sa za ka ga tsofaffin shirye-shirye cike da nau'o'in da kowa ya ƙirƙira wa kansa. A ciki akwai `int16_t`, `uint32_t`, `int64_t` da ƴan'uwansu, waɗanda faɗinsu yake a cikin sunansu. Ga girman abu a ma'adanar na'ura akwai `size_t`, ga riƙe adireshi a matsayin lamba akwai `uintptr_t`. Wajen bugawa kuma ka ɗauko `PRId64` da makamantansa daga `inttypes.h`, saboda `int64_t` a Linux `long` ne a ƙarƙashi, a Windows kuwa `long long`, don haka `%ld` daidai ne a ɗaya, kuskure ne a ɗayan.

Sai dai ina gargaɗinka da kada ka ɗauki `stdint.h` a matsayin maganin komai, domin yana ƙayyade faɗin mazubi ne, ba faɗin lissafi ba. Harshen C yana da dokar da ke ɗaga duk lambar da ta gaza `int` faɗi zuwa `int` kafin a yi lissafi da ita, kuma tunda `int` yana sauyawa daga na'ura zuwa na'ura, sakamakon ɗagawar ma yana sauyawa. Ka ɗauki lambobi biyu na `uint16_t`, kowace 60,000, ka ninka su. A Arduino Uno ba a ɗaga su zuwa `int`, suna zama marasa alama masu bit 16, amsar ta zagayo bisa doka ta ba ka ragowar rabawa da 65,536. A kwamfutarka kuwa ana ɗaga su zuwa `int` mai alama mai bit 32, amsar 3,600,000,000 ta fi ƙarfinsa, ka faɗa tumbatsar lamba mai alama duk da cewa ba ka rubuta nau'i mai alama ko ɗaya ba. A wannan karon ƙaramin allon ne yake kan doka, babbar kwamfutar ce take wajenta. Idan ka rubuta `(uint32_t)a * b` duka biyun za su ba ka amsa ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ka riƙe game da tumbatsa. Ga lambobi marasa alama, ƙa'ida ta ce su zagayo, kuma wannan alkawari ne da za ka iya gina aiki a kansa. Ga lambobi masu alama kuwa, ƙa'ida ta ce halin da zai biyo baya ba a fayyace shi ba, ma'ana kamfaila tana da izinin ɗauka cewa tumbatsar ba za ta taɓa faruwa ba, ta gyara shirinka bisa wannan zaton. Shi ya sa -776 ɗin da ka gani ma sa'a ce, ba tabbas ba. Wanda ya rubuta `if (a + 1 < a)` domin ya kama tumbatsar `int` zai iya tarar kamfailoli irin su GCC ko Clang sun share binciken gaba ɗaya idan an kunna ingantawa, saboda a hisabinsu lamba ba ta zama ƙasa da kanta bayan an ƙara mata ɗaya. Ƙa'idar C23 ta wajabta cewa lambobi masu alama su bi tsarin cikon biyu wajen ajiye lambar da ke ƙasa da sifili, wanda duk injinan da za ka haɗu da su suke bi dama, amma ba ta halatta tumbatsarsu ba, kuma mutane da yawa suna rikita waɗannan abubuwa biyu. Hanyar da ta dace ita ce a yi bincike kafin a tara, kamar `if (b > 0 && a > INT32_MAX - b)`, ko a yi amfani da `__builtin_add_overflow` da `__builtin_mul_overflow` na GCC da Clang, ko `ckd_add` da `ckd_mul` na `stdckdint.h` idan kamfailarka ta kai C23. Akwai zaɓin `-fwrapv` da ke tilasta wa kamfaila ta bar lambobi masu alama su zagayo, yana da amfani wajen ceto tsohon shiri, amma ban so ka gina sabon aiki a kansa ba, domin ranar da wani ya harhaɗa shirin da wata kamfaila ko ya manta zaɓin, kariyar ta tafi.

Duk waɗannan dabaru ne na rubutu. Ainihin aikin ana yin sa ne a takarda kafin a taɓa kwamfuta: ga kowace lamba a shirinka, ka rubuta ma'auninta, mafi ƙanƙantar ƙimarta, da mafi girmanta, sannan ka bi kowane lissafi ka ga inda sakamakon tsakiya ya fi kumbura, domin shi ne zai zaɓa maka nau'i, ba amsar ƙarshe ba. A shirinka amsar ƙarshe 2,500 ce, amma tsakiyar lissafin ta kai 50,000. Kuma iyakar lamba tana sauyawa ko da faɗin mazubi bai sauya ba. A ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin sakan 40 bayan tashinta daga Kourou a Kudancin Amurka, kuma binciken da aka yi ya gano cewa wani sashen manhajar da aka gado daga Ariane 4 yana juya wata ƙima mai bit 64 zuwa cikakkiyar lamba mai alama mai bit 16. A tsohuwar rokar ƙimar ba ta wuce iyaka, sabuwar kuwa ta fi ta saurin tafiya a kwance, sai lambar ta ƙi shiga. Ranar da aka ɗauki shirinka daga ƙaramar rijiyar unguwa aka kai shi babban famfon da ke shayar da ƙauyuka, irin wannan sauyin ne zai same shi. Saboda haka ka rubuta iyakokin a cikin shirin kansa, ka sa ya ƙi karɓar abin da ya wuce su, kuma ka yi amfani da `_Static_assert` na ƙa'idar 2011 domin harhaɗawa ta tsaya idan wani zatonka game da faɗi bai cika a sabuwar na'ura ba.

Kada kuma tsoro ya sa ka mai da komai `int64_t`. ATmega328P yana da ma'adanar aiki ta kilobayit 2 kacal, ba shi da umarnin rabawa a cikin injinsa, kuma kowane lissafin bit 64 a kansa jerin umarni ne mai tsawo. Jimillar da ake tarawa tsawon shekaru ce ta cancanci bit 64, ko ka tara ta da lita a `uint32_t`, wanda zai ɗauki fiye da lita biliyan 4.

Lokaci ma lamba ce da ke cika. Aikin `millis()` na Arduino yana dawo da `unsigned long` mai bit 32, yana zagayowa sifili bayan kimanin kwana 49.7, kuma famfon rijiya yana iya yin watanni ba a kashe allonsa ba. Idan ka rubuta `millis() - farko >= tazara` da nau'i marar alama, lissafin yana fita daidai ko a daren zagayowar, amma `millis() >= farko + tazara` zai ruɗe. A manyan na'urori kuma, duk inda `time_t` yake mai alama mai bit 32, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijar, don haka kwanan watan da za ka adana a fayil ka ba shi bit 64 tun yanzu.

Akwai wasu ƙananan wurare da zan ratsa da sauri. Rabawa da lambar da ke ƙasa da sifili, wadda za ka haɗu da ita da zarar ka fara rubuta bashin masu ɗibar ruwa, tun 1999 tana yankewa ne zuwa wajen sifili, `-7 / 2` ya ba da -3 da ragowar -1, amma Python yana ba da -4 da ragowar 1, don haka idan za ka duba lissafin C da Python ka san da wannan. Kuɗi kuwa ka riƙe shi da cikakkiyar lamba, ka ninka kafin ka raba, kuma tunda a kasuwa ba a ciniki da ƙasa da dala, ka yanke da kanka ko za a cike zuwa sama ko ƙasa, a wuri ɗaya cikin shirin, maimakon ka bar wa rabawa ta yanke maka. Raba `INT32_MIN` da -1 yana kashe shiri a injin x86, masarrafin yawancin kwamfutoci, a ARM mai bit 64 na wayoyin hannu kuwa yana wucewa shiru. Tura bit da adadin da ya kai faɗin nau'in haramun ne a ƙa'ida, kuma injinan sun saɓa a kansa: tura lamba mai bit 32 sau 32 yana barin ta yadda take a x86, a ARM mai bit 32 yana mai da ita sifili. Duk aikin tura bit da rufe bit ka yi shi a kan nau'i marar alama.

Batun `char` ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubuta Hausa. Ƙa'ida ba ta ce ko yana da alama ko ba shi da ita ba. A x86 yana da alama, a Linux da Android na ARM ba shi da ita, a na'urorin Apple masu ARM kuma yana da ita. Harufanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowane bayit biyu ne (bayit ɗaya bit 8 ne) a UTF-8, tsarin da ake ajiye haruffa da shi a kwamfuta, kuma duka bayit ɗin sun haura 127. Harafin ƙ, misali, 0xC6 ne da 0x99, bayit na farko 198 ne a wata na'ura, -58 a wata. Idan ka yi amfani da shi wajen nuna gurbi a jeri, ko ka miƙa shi ga `isalpha` ba tare da ka juya shi zuwa `unsigned char` ba, shirin zai yi aiki da sunan Musa ya faɗi a kan sunan unguwar da ke da ƙ a ciki. Masu kula da ƙwayar Linux sun gaji da irin wannan har suka tilasta `char` ya zama marar alama a duk injina tun daga fitowa ta 6.2. Kai dai ka riƙe `char` ga rubutu, `uint8_t` ga bayit.

Yanzu fayil ɗinka. Ina kyautata zaton ka tara bayanan a `struct` ka rubuta shi dunƙule da `fwrite`, domin wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi kuma ita ce ba ta ƙetare na'ura. Abubuwa uku ne suke sauyawa. Na farko faɗin `int` da `long` da muka gama bayani. Na biyu cikon da kamfaila take sakawa tsakanin gurabe domin daidaita adireshi: `struct` mai `uint8_t` ɗaya da `uint32_t` ɗaya bayit 5 ne a Arduino Uno, bayit 8 a kwamfutarka. Na uku jerin bayit a cikin lamba: x86 da yawancin ARM suna fara ajiye ƙaramin bayit, manyan injinan IBM Z da ƙa'idojin intanet suna fara da babba, haka ma tsarin sadarwa na Modbus da za ka tarar a na'urorin sola da yawa yana aiko da babban bayit na kowace rajista mai bit 16 da farko. Maganin duka ukun ɗaya ne: ka rubuta tsarin fayil ɗin a takarda, bayit na nawa ke ɗauke da me, sannan ka warware kowace lamba da hannu, `b[0] = x & 0xFF`, `b[1] = (x >> 8) & 0xFF`, har zuwa na huɗu. Wajen karantawa ka haɗa su da `(uint32_t)b[3] << 24` da sauransu, kuma juyawar nan zuwa `uint32_t` wajibi ce, domin in babu ita a Arduino kana tura lamba mai bit 16 sau 24. Rubutun da aka yi haka ba ya buƙatar sanin jerin bayit na injin da yake kai, kuma kamfailoli na zamani sukan gane shi su mai da shi umarni ɗaya. Kada ka ɗauki adireshin tsakiyar jerin bayit ka juya shi zuwa manunin `uint32_t`, domin x86 zai haƙura, Cortex-M0 kuwa zai tsaya cak idan adireshin bai daidaita ba. `memcpy` ne hanyar da ƙa'ida ta yarda da ita. A gefe guda, idan wata rana aiki ya kai ka ga masarrafan C2000 na Texas Instruments, waɗanda ake sakawa a injinan juya wutar sola, za ka tarar a yawancinsu `char` bit 16 ne kuma babu `uint8_t` sam, a nan ne `uint_least8_t` da `CHAR_BIT` suke nuna amfaninsu.

Wajen gwaji, ka ware lissafin a fayil nasa wanda bai san famfo ko allo ba, domin ka iya harhaɗa shi ko'ina. Ka kunna `-Wall -Wextra -Wconversion -Wsign-conversion`, ka karanta gargaɗin maimakon ka kashe shi. Ka gudanar da gwaje-gwajen a Linux da `-fsanitize=undefined`, wanda zai nuna maka layin da tumbatsa ko haramtacciyar turawa ta faru. Ka harhaɗa da GCC da Clang, da ingantawa da kuma babu ita, da `-m32` domin ka ga halin bit 32, kuma idan kana son injin da ke fara da babban bayit ba sai ka saye shi ba, manhajar QEMU tana kwaikwayon s390x, wato injin IBM Z, a kan kwamfutarka. Amma ka sani babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai nuna maka halin `int` mai bit 16, don haka gwajin ƙarshe dole a yi shi a kan allon kansa, da lambobin bakin iyaka: 0, 1, -1, 32,767, 32,768, 65,535, 65,536, da lita 1,310 da 1,311.

Fayilolin da allon ya riga ya rubuta ba su ɓace ba. Tunda ka san ATmega328P ne ya rubuta su, ka san `int` bayit 2 ne, `long` bayit 4, babu ciko, ƙaramin bayit ne a gaba, don haka ƙaramin shiri mai karanta bayit ɗaya bayan ɗaya zai fito da adadin litar daidai. Kuɗin da aka lissafa bayan an haura lita 1,310 kuwa kada ka yi ƙoƙarin gyara shi, ka sake lissafa shi daga litar. A sabon tsarin fayil ɗin ka sa bayit na farko ya zama lambar siga, ka fara da 2, domin shirin karantawa ya iya bambance shi da na gaba idan ka ƙara gurbi ko ka faɗaɗa wata lamba.